AWON JINI DA MAGANIN KASHE ZAFIN CIWO

Jawabi ga Hakimai da Malamansu na Ƙasar Gwandu da Ƙasar Argungu

Wannan jawabi an shirya shi ne domin Hakimai da malamansu, don su san dalilin da ya sa likita ya kan ɗebi jinin mutumin da a ke ba maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, ya kuma nemi fitsarinsa, ko da ya ke mutumin bai kai kukan kome game da jininsa ba. Magana ce wadda ta kan kai har zauren Hakimi. Wani ya kan komo daga asibitin Birnin Kebbi ya ce an mai da shi ɗan ƙwaya. Wani ya ce jininsa a ke tarawa a sayar. Wani kuwa sai ya yi zuciya ya bar asibiti, ya koma wurin mai tallar magani a kasuwa. In Hakimi ya san gaskiyar al'amarin, da magana biyu sai ya kwantar wa mutum da rai, mai yiwuwa ma ya zama sanadin tsirar da ransa.

ASALIN MAGUNGUNAN

Akwai wani tsiro mai fure wanda a ke nomawa a Indiya da Turkiyya da waɗansu ƙasashe. In aka tsaga ƙoƙon 'ya'yansa sai wani farin ruwa ya fito, kamar na tumfafiya, ya bushe ya yi duhu. Shi a ke kira ofiyom. Wajen 1805 wani Bajamushe mai haɗa magunguna, sunansa Friedrich Sertürner, ya tace ofiyom ya fitar da abin da ke kashe zafi a cikinsa, aka sa masa suna mofin. A 1832 aka fitar da kodin daga cikinsa a Faransa. Daga baya masana suka koyi haɗa irinsu a ma'aikata ba tare da tsiron ba. Cikin waɗannan akwai tiramadol, wanda aka fara sayarwa a Jamus a 1977, wanda mutane ke kira tiramol, da allurar pentazosin, wadda samari ke kira penta. Duk dangi ɗaya ne, aikinsu a jiki kusan iri ɗaya ne, sai dai wani ya fi wani ƙarfi.

Yadda su ke aiki shi ne, su kan bi jini su kai laka da ƙwaƙwalwa, su tare saƙon zafi kada ya isa. Ciwon yana nan, amma mai shi ya daina jin azabarsa. To, a cikin ƙwaƙwalwar nan akwai wurin da ke sa mutum numfashi ko yana barci, shi ma wurin maganin ya kan kwantar da shi. In maganin ya yi daidai, sai mutum ya sami sauƙi ya yi barci mai daɗi. In ya yi yawa, sai numfashi ya riƙa raguwa har ya tsaya. Zuma ce, da zaƙi da harbi.

Kada wani ya ɗauka cewa magungunan nan na banza ne. Mai ciwon daji wanda ya hana shi runtsawa, da yaron da amosanin jini ya tasar wa, watau sikila, da wanda ya karye a haɗarin babur a hanyar Argungu, da wanda aka yi wa aiki, da wanda ya ƙone, duk waɗannan ba abin da ke kashe musu zafi kamar dangin ofiyom. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai uku na maganin zafin ciwon daji. A fara da mai sauƙi kamar farasitamol. In bai isa ba a hau zuwa matsakaici kamar kodin. In shi ma bai isa ba a ba da mofin. Hana mai irin wannan ciwo maganinsa zalunci ne, kamar yadda sakin maganin a kasuwa ɓarna ce.

YADDA ABIN YA KE A ƘASAR NAN

A 2018 Ofishin Ƙididdiga na Nijeriya tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi suka yi bincike a duk faɗin ƙasa, aka bayyana sakamakonsa a Janairu 2019. An sami mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da abin maye a shekarar da ta gabaci binciken. Daga cikinsu miliyan 4.6 dangin ofiyom na asibiti suka sha ba da umurnin likita ba, yawanci tiramadol. Miliyan 2.4 kuwa maganin tari suka sha don maye. A Arewa maso Yamma, inda Jihar Kebbi ta ke, an ƙiyasta mutum 12 cikin ko wane 100 na masu waɗannan shekaru.

A ranar 1 ga Mayu 2018, bayan wani fim da BBC ta nuna a kan abin da kodin ke yi wa samari da mata, Gwamnatin Tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Tiramadol kuwa ba a hana shi ba, domin asibiti na bukatarsa. Amma hukumar NAFDAC mai miligiram 50 da mai 100 kaɗai ta yarda da su. Mai 200 da mai 225 da mai 250, waɗanda a ke fasa-ƙwaurinsu, duk haramtattu ne. Iyakar abin da likita ya kan ba baligi mai lafiyar hanta da ƙoda a yini guda miligiram 400 ne, a rarrabe. Ashe wanda ya haɗiye ƙwaya biyu masu 225 da safe kafin ya shiga fadama, ya riga ya wuce rabon yini ɗungum a lokaci guda. Shi ya sa a kan ga saurayi lafiyayye ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, alhali kuwa babu farfaɗiya a danginsu.

Jihar Kebbi tana iyaka da Nijar da Benin, kaya na shiga da fita ta Kamba da sauran garuruwan bakin iyaka. Ga kuma aikin ƙarfi mai yawa, noman shinkafa rani da damina a fadamar Gulbin Rima, da su, da dako, da kabu-kabu. 'Yan ƙwadago su kan ce ƙwayar tana hana gajiya. Gaskiyar magana ba ta hana ta, ɓoye ta ta ke yi, jiki kuwa ya biya bashin daga baya. Sabo da haka likitan da ke Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko babban asibitin Argungu, in ya tashi rubuta wa mutum irin wannan magani, abu biyu ya ke so ya sani tukuna. Na ɗaya, ko jikin mutumin zai iya ɗaukarsa. Na biyu, ko akwai wani abu da ya riga ya ke sha wanda bai faɗa ba.

HANTA DA ƘODA

Ko wane magani aka sha, ba ya zama a jiki har abada. Hanta ta kan sarrafa shi, ta juya shi zuwa wani abu dabam, sa'an nan ƙoda ta tace shi daga jini ta zubar cikin fitsari. Tiramadol a jikin mai lafiya ya kan ragu da rabi cikin kamar awa 6. Shi ya sa a ke maimaita sha a kan lokaci, don wanda ya fita a mayar da madadinsa.

Manomin rani ya san wannan al'amari sarai. In ya sa injin ban ruwa yana zuba a gona, magudana kuwa a buɗe ta ke, ruwa zai tsaya daidai yadda shinkafa ke so. Amma in magudana ta toshe, inji kuwa yana ta zuba kamar kullum, to, gona za ta cika ta nutse, ko da ya ke ba a ƙara wa injin gudu ba. Haka mai raunin ƙoda ya ke. Yana shan ƙwaya yadda aka rubuta masa, bai ƙara ko ɗaya ba, amma na jiya bai fita ba na yau ya tarar da shi. Cikin 'yan kwanaki sai ya riƙa gyangyaɗi, magana ta rikice, numfashi ya yi ƙasa. Mofin musamman, abin da hanta ke juya shi zuwa gare shi yana da ƙarfin kansa, in ƙoda ba ta fitar da shi ba sai ya taru ya yi ɓarna.

Abin da ya sa wannan ya zama abin lura a ƙasar nan shi ne, ciwon ƙoda ba ya sallama. Mutum ya kan rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa bai ji kome ba. Abubuwan da ke kawo shi kuwa suna da yawa a kwarin Rima. Akwai hawan jini da ciwon suga. Akwai tsargiya, wadda masunta da yara masu wanka a gulbi ke ɗauka, in ta daɗe ba magani ta kan ɓata mafitsara har ta taɓa ƙoda. Amosanin jini shi kansa yana cin ƙoda sannu a hankali. Ciwon daji na bakin mahaifa ya kan danne hanyar fitsari. Ga kuma magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, waɗanda a ke sha kullum a cikin zafin rana ba tare da isasshen ruwa ba. Hanta ita ma haka. Wani binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na baligai a Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta mai lamba B, da yawansu ba su sani ba. Watau sau da yawa wanda ya fi bukatar maganin zafi shi ne wanda magudanarsa ta fi rauni.

ABIN DA AWON JINI KE NUNAWA

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A nan kam ido bai san kima ba, sai an auna. Abu na farko da a ke nema a jini shi ne ƙarfin ƙoda. Akwai wani datti da naman jiki ke fitarwa kullum, sunansa kiriyatinin, da wani mai suna yuriya. Ƙoda mai lafiya ta kan kwashe su, su tsaya kaɗan a jini. In aka tarar sun hau, an san magudana ta fara toshewa. Daga nan likita ya kan rage magani, ko ya nisanta lokacin sha, ko ya sake wani. Misali, mai raunin ƙoda ƙwarai ba a ba shi tiramadol fiye da miligiram 200 a yini, kuma sai bayan awa 12 a ke maimaitawa. Tsohon da ya wuce shekara 75 shi ma a kan rage masa.

Abu na biyu shi ne lafiyar hanta. In hanta na ciwo, waɗansu abubuwa da ke cikinta su kan yoyo cikin jini, awo ya gan su. Wannan yana da muhimmanci domin a kan haɗa kodin ko tiramadol da farasitamol a ƙwaya guda. Farasitamol kuwa, wanda kowa ke rainawa, in baligi ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini, yana iya ƙona masa hanta. Wanda ke ƙara ƙwaya don neman kodin ɗin da ke ciki, bai san farasitamol ɗin ne ke cin hantarsa ba.

Abu na uku, akwai illolin da maganin kansa ke jawowa. Tiramadol ya kan sa sugan jini ya faɗi ga waɗansu, ko gishirin jini ya ragu, mutum ya riƙa jiri da ruɗewa. Daɗewa a kan dangin ofiyom kuma yana rage sinadarin mazakuta a jinin namiji. Wannan ya kamata samari su ji shi, domin waɗansu don ƙarfin iyali su ke sha, ƙarshenta abin da su ke nema shi su ke rasawa.

Waɗannan awo uku aikin yau da kullum ne a manyan asibitoci. A kan yi su kafin a fara ba mutum magani na dogon lokaci, sa'an nan a riƙa maimaitawa lokaci lokaci gwargwadon yadda likita ya ga halinsa. Wanda aka ba maganin kwana biyu ko uku bayan karaya, in shi yaro ne mai lafiya, sau da yawa ba a bukatar wannan duka.

NEMAN MAGANIN KANSA, A JINI KO A FITSARI

Akwai awo na dabam, wanda shi maganin kansa a ke nema, a ga ko yana jiki. A jini maganin ba ya daɗewa, daga 'yan awoyi zuwa kamar yini guda. A fitsari kuwa a kan same shi har kwana biyu zuwa huɗu. Don haka fitsari aka fi amfani da shi wajen bin sawun mai shan magani na dogon lokaci, ga shi da araha, ba kuma sai an huda mutum ba. Jini a kan neme shi ne in ana so a san abin da ke yawo a jiki a wannan sa'a, kamar wanda aka kawo a sume, ko wanda ƙodarsa ta daina yin fitsari. Auna yawan magani a jini kuwa yana bukatar na'ura mai tsada, ba ko wane asibiti ke da ita ba.

Tambaya biyu wannan awo ke amsawa. Ta farko, maganin da aka rubuta yana jikin mai shi? In an ba dattijo mofin na mako biyu, yana ta kukan ciwo, aka auna ba a sami kome ba, to, akwai magana. Mai yiwuwa amai ya ke yi, mai yiwuwa ya ji tsoron sha, mai yiwuwa kuma wani a gidan ke ɗauke masa. Ta biyu, akwai wani abu a jikinsa wanda ba a rubuta ba? Mafi haɗari shi ne haɗa dangin ofiyom da ƙwayoyin barci irin su dayazifam, ko da barasa, domin dukansu numfashi su ke dannewa. Likitan da bai san mutum na shan tiramadol na kasuwa ba, ya ɗora masa mofin a kai, ya yi masa illa da niyyar taimako.

ABIN DA AWO BA YA NUNAWA

Nan ne ya kamata malaman Hakimai su fi kasa kunne, domin su a kan kawo wa takarda a ce su karanta. Awo ba ya auna zafin ciwo. Ba ya kuma faɗin cewa wane ɗan ƙwaya ne. Wanda ya daɗe a kan mofin bisa umurnin likita, jikinsa ya saba, abin da ke jininsa yana tafiya da ƙafarsa zai iya kashe wanda bai taɓa sha ba. Mutane kuma sun bambanta tun daga halitta. Kodin ba ya aiki sai hanta ta juya wani kashi nasa ya zama mofin. Hantar wani ba ta iya juyawa, ya sha bai ji sauƙi ba, a ce ƙarya ya ke yi. Hantar wani kuwa tana juyawa da gaggawa, ƙwaya kaɗan ta bugar da shi. Domin wannan ne a 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12 kodin ko tiramadol, ta kuma gargaɗi mata masu shayarwa, don maganin yana bin nono. Sabo da wannan juyi kuma, wanda ya sha kodin a kan sami mofin a fitsarinsa, ba don ya sha mofin ba.

Har ila yau, ɗan tsinken awon gaggawa da a ke tsomawa cikin fitsari ya kan yi kuskure. Wanda aka yi don mofin da kodin ba ya ganin tiramadol, sai an sami nasa na musamman. Wani lokaci kuma ya kan nuna akwai alhali babu. An san rifamfisin, maganin tarin fuka, da waɗansu magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna iya ruɗa shi. In sakamako ya saɓa wa maganar mai ciwo, hanya ita ce a tabbatar a babban ɗakin awo, a kuma zauna da shi a tambaye shi cikin mutunci.

Amurka ta ga wannan darasi da tsada. A 2021 mutum fiye da 100,000 suka mutu can ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima, kimanin 80,000 daga cikinsu dangin ofiyom ne sanadi. A 2016 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta shawarci likitoci su riƙa awon fitsari kafin fara irin wannan magani, da kuma aƙalla sau ɗaya a shekara. Da aka ga waɗansu likitoci na yanke wa mutane magani farat ɗaya, har suna komawa na kan titi, sai a 2022 ta sake tsarin, ta ƙarfafa cewa kada a kori mai ciwo sabo da sakamakon awo. Wanda jikinsa ya saba, in aka tsayar masa da magani rana ɗaya, zai yi gumi da hamma da majina da gudawa da ciwon gaɓoɓi. Sannu a hankali a ke janye shi, a hannun likita.

TSORON ƊIBAN JINI

Jikin baligi yana da jini kamar lita 5. Abin da a ke ɗiba don awon ƙoda da hanta kamar cokalin shayi ɗaya ne, watau wajen kashi ɗaya cikin dubu. Wanzami in ya yi wa mutum ƙaho ya kan fitar da fiye da haka, ba wanda ya ce an ƙarar masa da jini. Jinin awo ba ya ƙaruwa ga wani, ba shi da kasuwa, in an gama sai a zubar da shi yadda dokar tsabta ta tsara. Abin da mai ciwo zai lura da shi shi ne a buɗe sabuwar allura a gabansa.

Mutanen wannan yanki sun riga sun ga amfanin awon jini. A 2010, sa'ad da gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, awon jini ne ya nuna abin da ke kashe su, da shi kuma aka riƙa bin yaran da a ke yi wa magani har gubar ta sauka. Wannan ma haka ya ke, sai dai a nan ba guba a ke bi ba, magani a ke tsarewa kada ya zama guba.

ALAMUN HAƊARI

Awo na asibiti ne, amma a gida mai ciwo ya ke kwana. Ya kamata masu jinya su san alamu uku. Barci mai nauyi wanda a ke tashin mutum ba ya tashi. Numfashi a hankali, ƙasa da sau 10 a minti guda, ko da munshari irin wanda ba a saba ji ba. Baƙin tsakiyar ido ya tsuke kamar kan allura. In aka ga waɗannan, kada a ɗura masa nono ko manja ko ruwa, domin zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti, a tafi da kwalin maganin. Akwai allura mai suna nalokson wadda ke warware aikin dangin ofiyom cikin 'yan mintoci, in an kai mutum da sauran numfashi.

ABIN DA A KE SO GA HAKIMI

Sarakuna da Hakimai ba baƙi ba ne a aikin lafiya. Sa'ad da mutane suka ƙi maganin shan inna, su suka shiga gaba, har a Agusta 2020 aka tabbatar cutar ta daji ta ƙare a Afirka. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Samaila Muhammad Mera, ya shugabanci kwamitin Sarakunan Arewa mai kula da lafiya matakin farko. Irin wannan taimako a ke nema a nan.

1. Hakimi ya tara dagatai da masu unguwa da limamai da sarakunan sana'a, kamar Sarkin Noma da Sarkin Ruwa da Sarkin Aska da Sarkin Kasuwa, ya bayyana musu cewa awon jini da na fitsari tsaron mai ciwo ne, ba tuhuma ba.

2. Ya hori mutanensa su faɗa wa likita gaskiyar duk abin da su ke sha, na kemis da na kasuwa da na gargajiya. Likita ba alƙali ba ne.

3. Ya tsare mutuncin masu amosanin jini da masu ciwon daji, kada a riƙa kiransu 'yan ƙwaya don an gan su da magani. Wanda kuma allurar penta ta kama, har jikinsa ya yi gyambuna, asibiti ya ke bukata, ba mari ba.

4. Ya sa ido a kan masu tallar magani ranar kasuwa da tashoshin mota. In aka ga tiramadol wanda ya wuce miligiram 100, ko maganin tari mai kodin, a sanar da hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989 domin wannan aiki. Kama mutum da hukunta shi aikin hukuma ne.

5. In talaka ya kasa kuɗin mota ko na awo a ranar da aka sa masa, Hakimi ya nemi masu hali su taimaka. Tsakanin Argungu da Birnin Kebbi kimanin kilomita 50 ne, amma ga mutumin Kangiwa ko Kamba wanda ba shi da ko sisi, tafiya ce mai nisa.

ABIN DA A KE SO GA MALAMIN HAKIMI

1. In aka kawo masa takardar asibiti, ya karanta wa mai ita ranar komawa, da yawan ƙwaya, da lokacin sha. Fassarar lambobin awo kuwa ya bar wa likita.

2. Ya riƙe sirri. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana halin lafiyar mutum ba da yardarsa ba, sai inda doka ta keɓe. Kada a rubuta sunan mai shan magani cikin littafin ofis, kada a yi hirarsa a ƙofar fada, kada kuma a kawo takardar awo wurin sulhun aure ko rikicin gado don a kunyata wani.

3. Ya tuna wa masu jinya su kulle magani a akwati, nesa da yara da samari, mutum ɗaya ya riƙe mabuɗi yana ƙirga ƙwaya. Kada a ba maƙwabci don ciwonsu ya yi kama. In mai ciwo ya warke, ko Allah ya yi masa rasuwa, a mayar da sauran maganin asibiti.

4. In zai rubuta rahoto zuwa fadar Sarki ko Ƙaramar Hukuma, ya faɗi abin da aka gani, da wurin, da ranar, ba tare da jita-jita ba.

Abin da a ke nufi duka shi ne, mai ciwo na gaskiya ya sami maganinsa daidai da ƙarfin jikinsa, wanda kuma ba ya bukata kada ya kai hannunsa. Cokali ɗaya na jini shi ke gaya wa likita inda daidai ɗin ya ke. In Hakimi ya faɗa, dagaci ya maimaita, mai unguwa ya kai gida gida, magana ta isa inda takarda ba ta isa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ja zamanin Sarakuna, ya ƙara wa ƙasa lafiya da zama lafiya. Amin.